Ka Ɗora Linux, Saura Ka Nuna Mata Inda Za Ta Riƙa Ɗebo Kaya

Wani matashi daga Wara, hedikwatar Ngaski, ya same ni a Yelwa da kwamfutarsa cikin jakar makaranta. Tsohuwar laftof ce ta gwanjo, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu daga Yauri har Shanga. Abokinsa ne ya ɗora masa Debian daga filash, ya sallame shi. Allo ya yi kyau, komai na buɗewa, amma duk manhajar da ya nemi sakawa sai ta ƙi, kwamfutar ta dage sai an saka mata wani faifai da bai taɓa gani ba. Kwana huɗu yana fama, har ya yanke shawarar a mayar masa da Windows. Da muka duba, lafiyar na'urar ƙalau. Layi ɗaya ne a cikin wani ɗan fayil ya hana ta sanin hanyar intanet, kuma gyaran bai ci mana minti goma ba.

Irin wannan matsala za ta yawaita a wajenmu. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman na'ura mai TPM 2.0 da sabon inji, abin da yawancin kwamfutocinmu ba su da shi. Shi ya sa ɗalibai da masu shaguna ke komawa Linux Mint da Ubuntu da Debian, kuma ina ganin sun yi dabara, don na'urar da ta shekara goma tana iya ƙara wasu shekarun da ita. Sai dai mai ɗorawa yakan tsaya a rabin hanya, ya bar sabon shiga da abin da bai san sunansa ba.

A Windows mun saba shiga gidajen yanar gizo daban-daban muna tsinto manhaja ɗaya bayan ɗaya. Linux ba haka take ba. Kowace iri tana da babban rumbu guda inda aka tara dubban manhajoji, kowacce a ƙunshe, an gwada ta, an san da wace za ta zauna lafiya. Da yake duniya duka ba za ta iya yin layi a bakin rumbu ɗaya ba, sai jami'o'i da kamfanonin sadarwa a ƙasashe da yawa suka ɗauki nauyin ajiye cikakken kwafinsa, suna sabunta shi a kai a kai. Kowane kwafi shi ne madubi, wanda za ka ga an rubuta mirror a allonka. Mai ginin ɗaki biyu a Yelwa ba ya zuwa masana'antar Kalambaina a Sakkwato don buhun siminti goma, wajen dila yake zuwa, kuma simintin ɗaya ne. Aikinka shi ne ka san dilan da kayansa suke sababbi, wanda kuma hanyarsa ta fi sauƙi daga inda kake.

Mutane kan tambaye ni ko mai madubi ba zai iya cusa mugun abu a ciki ba. Tambaya ce mai kyau. Jerin kayan da ke rumbu yana ɗauke da sa hannun sirri na masu Debian ko Ubuntu, kuma kowane ƙunshi yana da lambar shaida a cikin jerin. Kafin kwamfutarka ta saka komai sai ta gwada sa hannun da mabuɗin da ta zo da shi tun ranar ɗorawa. Idan an taɓa ko harafi ɗaya, za ta ƙi karɓa. Don haka madubin wata jami'a da ba ka taɓa jin sunanta ba bai fi na gida haɗari ba, muddin yana cikin jerin hukuma. Haɗarin yana zuwa ne ranar da wani ya ce maka ka rubuta trusted=yes ko allow-unauthenticated don saƙon gargaɗi ya ɓace. Wannan daidai yake da karɓar buhun da aka farke ɗinkinsa. Kada ka yarda, ko wane ne ya ba ka shawarar.

Yanzu ga abin da na fi so a fahimta. Kusancin suna daban, kusancin waya daban. Idan ka zaɓi Najeriya lokacin ɗora Ubuntu, za ta rubuta maka adireshin ng.archive.ubuntu.com, sai ka ɗauka kayan na cikin gida. Tsarin Ubuntu shi ne, ƙasar da ba a naɗa mata madubi na musamman ba, sunanta yana kai mutum ne kai tsaye zuwa manyan na'urorin kamfanin Canonical. Harafi biyu na farkon adireshi ba su gaya maka inda kayan suke kwance ba. Haka kuma akwai madubai masu kyau a Afirka, kamar na cibiyar TENET a Afirka ta Kudu da na KENET a Kenya, kuma zuciya takan ce a ɗauki na nahiyarmu. To amma bi sawun datarka ka gani. Daga eriyar sabis ta garinku sai ta gangara kudu, yawanci zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka: MainOne da ta fara aiki a 2010 tana zuwa Fotugal, Glo-1 tana zuwa Ingila, ga WACS da ACE, ga Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022. Hanyar Turai a shimfiɗe take, shi ya sa sau da yawa madubin Landan yakan riga na Nairobi amsawa. Wanda ya saba tafiyar ruwa a tafkin Kainji ya san wannan: gaɓar da ido ke hangowa ba lallai ita ce jirgi zai fara isa ba, akwai duwatsu da kututture da inda ruwa ke ja. Don haka kada ka zaɓa da taswira. Gwada, kuma ka gwada da layin wayar da za ka riƙa amfani da shi, a wurin da kake zaune, domin sakamakon MTN a Yelwa yana iya bambanta da na Airtel ko Glo a Shanga.

Kafin ka taɓa madubi, tabbatar da abu uku. Na farko, kwamfutar na kan intanet kuwa? Buɗe burauza ka gani. Tsofaffin laftof da yawa, musamman masu katin Broadcom, sukan tashi ba Wi-Fi bayan ɗorawa, saboda direban katin ma sai an sauko da shi daga rumbun. Mafita tana aljihunka: haɗa wayarka ta Android da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering a saitin waya, Linux za ta gan ta kamar igiyar intanet ba tare da an ƙara komai ba. Na biyu, duba kwanan wata da agogon kwamfutar. Wannan ƙaramin abu ya wahalar da mutane da yawa a gabana. Akwai ɗan batiri kamar kwabo a cikin na'ura wanda ke riƙe lokaci, idan ya mutu sai kwamfuta ta farka tana zaton shekarun baya ake ciki. Tana ganin jerin kaya mai kwanan watan yau sai ta ce is not valid yet, wato a lissafinta ba a kai ranar ba tukuna. Gyara agogo a saiti, ka zaɓi lokacin Legas, matsalar ta wuce, sannan ka sa mai gyara ya canza batirin. Na uku, san sunan sigar da kake kai. Buɗe tagar umarni, a Ubuntu da Mint maɓallan Ctrl da Alt da T ne a tare, ka rubuta:

cat /etc/os-release

Nemi layin VERSION_CODENAME. Ubuntu 22.04 sunanta jammy, 24.04 noble. Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 bookworm ce, Debian 13 ta Agustan 2025 trixie. Rubuta sunan a takarda, za ka buƙace shi.

Mai Linux Mint ya fi kowa hutawa, kuma ita nake fara ba sabon shiga. Buɗe Software Sources daga jerin manhajoji, ka sa kalmar sirrinka. Za ka ga wuri biyu, Main na kayan Mint kanta, da Base na kayan Ubuntu da aka gina ta a kai. Danna kowanne, ka ɗan jira, za ta jera madubai tana auna saurinsu a gabanka. Ɗauki na sama ko na kusa da shi, ka bar ta ta sabunta jerinta. Yawancin nauyin saukarwa a Base yake, can za ka fi ganin bambanci.

A Ubuntu 22.04 da 24.04, manhajar ita ce Software & Updates. A shafin farko akwai Download from, ka zaɓi Other, sannan ka danna Select Best Server. Za ta ɗauki ɗan lokaci tana ƙwanƙwasa ƙofofi, ta nuna maka wanda ya fi sauri. Ka sani fa, sauri kawai take aunawa a wannan lokacin, ba ta duba ko kayan madubin na jiya ne ko na makon jiya. Wannan bayanin yana shafin Launchpad, a launchpad.net/ubuntu/+archivemirrors, inda aka rubuta gaban kowane madubi ko yana daidai da uwar rumbu ko an bar shi a baya da kwana ɗaya ko fiye. Madubi mai sauri da tsohon kaya ba shi da amfani gare ka. Wanda ya fi son gyarawa da hannu, a 24.04 adireshin ya koma fayil ɗin /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, a layin da ya fara da URIs. Sashe na biyu mai security.ubuntu.com ka bar shi yadda yake, don gyaran tsaro ya riƙa iso maka daga tushe ba jinkiri.

Debian ce ke buƙatar ɗan haƙuri, kuma ita ce ta kama yaron Wara. Idan aka ɗora ta daga babban faifai ko filash ba tare da intanet ba, takan rubuta faifan a matsayin rumbunta, ta tsaya nan. Fara da ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa shi:

sudo cp /etc/apt/sources.list /etc/apt/sources.list.tsoho

Idan ta ce ba ka da izinin sudo, wanda yakan faru in an sa wa root kalmar sirri lokacin ɗorawa, rubuta su da sarari da ɗan karan tsakiya, wato su -, ka sa kalmar sirrin root, sannan ka ci gaba ba tare da rubuta sudo ba. Buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/apt/sources.list. Layin da ya fara da deb cdrom, sa masa alamar # a farkonsa, ya zama an kashe shi. Sai ka ƙara waɗannan, idan trixie kake kai:

deb http://deb.debian.org/debian trixie main contrib non-free non-free-firmware
deb http://deb.debian.org/debian trixie-updates main contrib non-free non-free-firmware
deb http://security.debian.org/debian-security trixie-security main contrib non-free non-free-firmware

Mai bookworm ya sa bookworm a duk inda na rubuta trixie. Ctrl da O na ajiyewa, ka danna Enter, Ctrl da X na fita. Adireshin deb.debian.org yana da wata baiwa: a bayansa akwai tarin na'urori a sassan duniya, shi da kansa yake tura ka zuwa wanda ya dace da inda kake. Ga yawancinmu ya wadatar. Kalmar non-free-firmware da ke ƙarshen layi kuwa, tun daga Debian 12 can aka ware ƙananan manhajojin da ke tayar da katin Wi-Fi da makamantansu, kada ka manta da ita. Masu son zaɓar madubi ɗaya tak su duba jerin hukuma a debian.org/mirror/list. Masu Linux irin Fedora da Kali ba su da wannan aikin, tsarinsu na zaɓa musu da kansa.

Duk wadda kake kai a cikin ukun, gwajin gaskiya shi ne sudo apt update. Idan ta gama za ta rubuta yawan abin da ta sauke, da daƙiƙun da ta ɗauka, da saurin. Wannan lambar ita ce alƙali. Amma kada gwaji ya zame maka wasa, domin duk sauyin madubi sai an sake sauke jerin kaya gaba ɗaya, megabayit masu yawa ke nan daga datarka. Gwada biyu ko uku, ka tsaya a kan wanda ya fi, ka riƙe adireshin na biyun don ranar da na farko ya yi gardama.

Saƙonnin kuskure da Turanci suke zuwa, kuma su ne ke karya gwiwar sabon shiga, alhali kowanne yana faɗin ciwonsa. Temporary failure resolving na nufin kwamfutar ba ta iya gano adireshin ba: ko sabis ya ɗauke, ko data ta ƙare, ko ka yi kuskuren harafi. Madubi ba shi da laifi a nan. Could not get lock na nufin wata manhaja tana sabuntawa a bayan fage, ka ba ta mintuna. Hash Sum mismatch yakan zo idan ka tarar da madubi yana tsakiyar karɓar sabon kaya, ko saukarwa ta gurɓace a hanya. Jira awa ɗaya ko biyu ka sake gwadawa, in ya ci gaba ka sauya madubi. Shi kuwa 404 Not Found a kowane layi, yawanci alama ce cewa sigarka ta tsufa an kwashe kayanta. Ubuntu tana fitar da siga kowane wata shida, amma wata tara kawai ake kula da yawancinsu, daga nan a mayar da kayansu old-releases.ubuntu.com inda babu sauran gyaran tsaro. Masu alamar LTS, waɗanda ke fitowa a Afrilun kowace shekara biyu, su ne ake riƙe wa shekara biyar. Na sha ganin filash ɗaya yana yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru, ana ɗora wa mutane sigar da ta riga ta mutu. Tambayi mai ɗora maka wace siga ce, in ba LTS ba ce ka ce a nemo ta.

Akwai kuma ranar da ba laifin kowa a nan. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta, har harkar banki ta waya ta tsaya wa mutane da yawa. A irin wannan rana, wanda ya zauna yana ta goge layuka a fayil ɗinsa sai ya ɓata abin da yake daidai. Idan wayarka ma ta kasa buɗe komai, rufe kwamfutar ka jira.

Roƙo ɗaya nake yi wa matasa musamman: kada ku kwafo jerin adireshi daga bidiyon YouTube ku liƙa ba tare da duba sunan siga ba. Zuba rumbun Kali ko na Ubuntu a cikin Debian, ko na trixie a kan bookworm ba da niyyar ɗaga siga ba, yana iya rikita na'ura har sai an sake ɗorawa daga farko.

Sauran maganar ta kuɗi ce, don a wajenmu data da wuta su ne jarin. Sabuntawar farko bayan ɗorawa ita ce mafi nauyi, tana iya kai ɗaruruwan megabayit. Kafin ta fara za ta gaya maka adadin, ta nemi amincewarka, karanta kafin ka danna. Sayi datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa, ka caja laftof tun ana da wuta, ka rubuta:

sudo apt-get --download-only upgrade

Wannan saukewa kawai yake yi, ba ya saka komai. Idan sabis ya yanke a tsakiya, sake ba da umarnin, zai ɗora daga inda ya tsaya. Da safe, batiri a cike, ka rubuta sudo apt-get upgrade, ya saka abin da ya riga ya tara. Raba aikin biyu yana da dalili: yankewar saukarwa ba ta ɓata komai, amma mutuwar kwamfuta tana tsakiyar sakawa takan bar aiki. In hakan ta faru, sudo dpkg --configure -a shi ne umarnin da ke ƙarasa abin da aka bari. A saitin intanet kuma ka nuna wa kwamfutar cewa layinka na awo ne, wato metered, don ta rage saukar da abubuwa a ɓoye. Masu Ubuntu su san cewa manhajojin snap, har da Firefox, ba sa bi ta madubi ko kaɗan, daga shagon Canonical suke zuwa. Umarnin sudo snap set system refresh.metered=hold yana hana su sabunta kansu a kan layin awo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga shago mai kwamfuta shida, kowacce ta sauke kaya iri ɗaya da kuɗin mutum ɗaya. Duk abin da apt-get ta sauko da shi yana zaune a /var/cache/apt/archives. Kwafe fayilolin da sunansu ya ƙare da .deb a filash, ka zuba su a wannan foldar a ɗaya kwamfutar, in dai siga ɗaya ce kuma inji iri ɗaya. Ka yi mata apt update, sannan upgrade, za ta ga kayan a gida ta sauke abin da ya rage kawai. Lura da cewa apt-get na rubuta da gangan, domin gajeren umarnin apt yana share ƙunshin bayan ya saka shi. Ta wannan hanya wanda ya shigo Yelwa ya samu sabis mai ƙarfi zai iya kai wa ɗan'uwansa da ke gungu ko ƙauyen bakin ruwa sabuntawar wata guda a aljihu.

Makaranta ko shagon da kwamfutocinsa ke haɗe a layi ɗaya yana da abin da ya fi filash. A saka apt-cacher-ng a na'ura ɗaya wadda ta fi zama a kunne. A kowace ta saura a buɗe fayil /etc/apt/apt.conf.d/01proxy a rubuta layi ɗaya, Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142"; (har da alamar ; ta ƙarshe), ana sauya lambar da adireshin waccan na'urar a layinku, 3142 kuwa ita ce ƙofarta. Daga nan wadda ta fara neman ƙunshi ita kaɗai ke cin data, sauran daga ɗaki suke ɗauka. Tsarin ya fi tafiya da adireshin da ya fara da http, kuma sa hannun da na yi bayani yana nan yana tsare kayan.

Ku kuma masu ɗora wa jama'a, malaman kwamfuta da masu gyara, kada ku miƙa na'ura sai kun haɗa ta da wayar mai ita, kun ga apt update ta gama ba jan rubutu, kun saka manhaja ɗaya a gabansa, VLC misali, ya ga yadda ake yi, sannan ya maimaita da hannunsa. Yaron Wara da kansa ya rubuta layukan nan uku, yana yi yana duba takarda. Kafin ya tafi tasha mun rubuta sunan sigarsa da adireshin rumbunsa a ɗan kati, muka manne shi da salatif a ƙarƙashin laftof ɗin, kusa da batiri.